'Yar Yayana Ce

Bari in faɗa muku da bakina tun kafin ku ji a bakin Bukar: ni wawa ne. Ba irin wawan da aka haifa da wauta ba, shi wannan ai ana yi masa uzuri. Ni irin wanda ya yi furfura ne, ya ga jiya ya ga yau, ya shekara goma sha ɗaya yana jan bas a Doha bai taɓa goge wa kowa fenti ba, sannan ranar da aka yi masa tambayar da ɗan yaye zai amsa, sai ya tsaya yana zufa. Na manta abubuwa da yawa a duniya, har da shekarar da aka haife ni, amma wannan safiya kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Ko na so ma, rigar sanyin tana nan rataye a bayan ƙofata, kullum sai mun gaisa.

Ina da 'ya a Shikago. (Kun ga na rubuta ko? A takarda ba wuya. Hannu ba shi da kunya, baki ne mai ita.) 'Yar fari ce. Mu kuwa Fulanin gida ne na wajen Kazaure. Shanun sun ƙare tun zamanin kakana, yaren ya bi su, abin da ya rage mana na gado kunya ce kaɗai, shi ya sa muka riƙe ta hannu bibbiyu. A wurinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, kuma in an tambaye ka 'ya'yanka nawa, daga na biyu kake fara ƙidaya. Ita tata kunyar ma ninki biyu ce, don sunan mahaifiyata aka sa mata. Ana yaye ta Yaya Umaru ya ɗauke ta ya riƙe. Ta tashi tana ce masa Baba, ni tana ce mini Baffa. In zancenta ya zama dole, sai in ce yarinyar gidan Yaya.

Ba wai ba na son ta ba ne. Ranar da za ta tafi makarantar koyon aikin jinya, sai da na raka ta har tasha, amma ina bayanta da taku hamsin, ina yi kamar goro na fito saye. Da motar ta tashi na sayi goron kuwa, don kada a ce. Ta gama, ta yi aure, mijin ya samu karatu a Amurka, suka tafi. Ni kuma na zo Doha na zama direba. Shekara da shekaru gaisuwarmu ba ta wuce ta sallah, ita ma ta hannun uwarta.

Sai ga korona. Aka kulle mu a Sana'iya, unguwar ma'aikata, ba shiga ba fita. Mu uku ne a ɗaki: ni, da Bukar, wani Babarbare mai gadi wanda Allah ya halitta don ya hana ni sakat, da Istifanus, mutumin Jos, mai gyaran injin sanyi. A cikin kullen nan aka bugo mini cewa uwar 'ya'yana ta rasu. Ba cutar ba ce ma, hawan jini ne. Jirgi ba ya tashi. Aka yi mata sutura, aka kai ta, ina zaune a kan gadon ƙarfe ina kallon bango. Yaya Umaru dama ya riga mu gidan gaskiya da shekara biyu.

Washegari wayata ta yi ƙara, lambar waje. Na ɗauka, sai na ji an ce, "Baba."

Wallahi sai da na waiwaya in ga ko da wani ake.

"Baba, ni ce. Yanzu kai kaɗai ka rage mini."

Na ce, "To. To. Ya aiki?" Abin da na iya faɗa ke nan. Yarinya tana kuka a wancan gefen duniya, ta kwana tana juya marasa lafiya a asibiti, uwarta ta mutu ba ta gan ta ba, ni kuma ina tambayarta ya aiki.

Amma daga ranar ba ta ƙara fashin Juma'a ba. Mun sauko daga masallaci mun ci abinci, su can gari ya waye, sai kira ya shigo. Ni kuma na samo dabara: in na ɗauka sai in ce, "Mutanen Amurka!" Da wannan na yi shekara biyu ina kewaye suna kamar yadda nake kewaye shataletale. A cikin haka ta haihu, namiji, ta sa masa sunana, suna kiransa Abba. Na ga ya fara zama a waya, na ga ya fara rarrafe a waya, na ga ya fara lasar gilashin wayar yana neman hancina.

Ita ta kawo maganar zuwa. Ta ce in zo in ga takwarana tun ina da aiki da takardar zama a Doha, don an fi ba mai aiki biza. Ta cike takardun da kanta, ta nemo mini ranar ganawa da masu ba da bizar. Layin ya yi tsawo saboda cutar, sai da muka jira wata da watanni, ranar kuma ta faɗo a tsakiyar gasar kofin duniya. A kamfani kuwa mudir, manajanmu ke nan, ya riga ya gaya mana: ba mai motsi sai an gama ƙwallo, hutu sai Janairu. Ni kuma ya ja ni gefe ya ce daga hutun nan kwantiragina ya ƙare, shekaru sun cika, halas, shi ke nan. Wato dama ɗaya ce, ba ta da ƙanwa. In na samu, Janairu ina Shikago. In ban samu ba, sai Kazaure.

To, maimakon in zauna in yi tunanin abin da ya kamata, sai na sa sanyi a gaba.

Wata Juma'a na tambaye ta, "Wai sanyin naku da ake ta zuzutawa, nawa yake kaiwa?"

Ta ce, "Yau da safe ashirin ne, Baba."

Na yi dariya har da buga cinya. Ashirin! Ni da nake ganin lamba a gaban bas kullum, ashirin ai ita ce Doha a Disamba, lokacin da Larabawa suke fitowa shan iska. Na ajiye waya na ce wa 'yan ɗaki, "Ashe Turawa ragwaye ne. 'Yar shara ta ishe ni."

Istifanus ya dube ni, irin kallon da yake yi wa injin da ya san ba zai gyaru ba. Ya ce, "Baba Direba, mudunsu daban ne da namu. Ashirin ɗinsu, ruwa ya daɗe da zama dutse."

Na ce, "Kai dai don kana mutumin Jos, kana ganin ku kaɗai kuka san sanyi."

Ya ce, "Gobe in ka sauka aiki ka biyo ta wurinmu."

Na biya. Wani katafaren ɗakin ajiye kaji ne da yake kula da injinansa. Ya buɗe ƙofa mai kaurin katifa, ya ce, "Bismilla, ga Shikago." Na shiga da kaftanina da silifas, ina taƙama. Minti na farko na ce ai ba komai. Na biyu gashin hancina ya sandare. Na uku na nemi yatsun ƙafata na rasa. Na duba hagu da dama, kaji ne dubbai a kwali, tsirara, kowannensu ya fi ni natsuwa. Ban cika minti na huɗu ba na fara dukan ƙofa ina salati. Da ya buɗe, haƙorana suna kaɗawa har ban iya zaginsa ba.

Daga nan na shiga shiri na gaske. Ranar hutuna na hau mota zuwa Najma, kasuwar gwanjo, na tono wata riga a ƙarƙashin tulin labule. Ja ce, jawur, ta sauko har gwiwa, cikinta kamar an ɗura mata auduga buhu guda, hularta da gashi kewaye kamar wuyan rago. Mai shagon ya rantse wani injiniya ne ya zo da ita daga ƙasar Rasha. Na haɗa da safar hannu, da takalmin da ya fi ƙafata da lamba biyu don safa uku ta samu wuri. Da na gwada a ɗaki, Bukar ya tashi tsaye ya sara mini.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Kajin Sana'iya! Ɗan Fulani, ko saniya aka sa wa wannan sai ta nemi saki."

Na ce, "Hassada ga mai rabo taki. Kai ka tsaya nan kana gadin ƙofar da ba taka ba."

Sai kuma maganar tafki. Yarinyar ta ce gidansu ba nisa da bakin tafki. Ni tafkin da na sani shi ne na bayan garinmu, wanda yake ƙafewa da rani a buga bulo a cikinsa. Ran nan ta fita da waya ta nuna mini. Na ce, "Ina ɗaya gaɓar?" Ta ce ba a hangowa. Na ce to wannan ai teku ne, ta ce a'a, ruwan daɗi ne, shi suke sha, kuma in sanyi ya tsananta bakinsa yakan daskare. Na shiga lissafin garke nawa zai sha a wurin ba a yi faɗa da manoma ba. Tun daga ranar na tsara hoton da za a ɗauke ni: ni cikin jar riga, takwarana a kafaɗa, tafki a baya fari fat. Na yi niyyar in turo wa Bukar shi sau bakwai.

Ana cikin haka ƙwallo ta fara. Muna kwasar 'yan kallo daga tashar jirgin ƙasa zuwa fili, mu dawo da su, wasu suna waƙa wasu suna kuka. Duk wanda na ga ya yi kama da mutanen ƙasar sanyi sai in tare shi da ɗan Turancina na tasha: "Shikago, kol?" Wato, akwai sanyi? Wani ƙato mai fenti a fuska ya kama kafaɗata ya yi ta bayani, ban fahimci komai ba sai yadda ya rungume kansa yana karkarwa. Na ce masa yalla, na gode, a shiga a zauna.

Saura mako guda, Istifanus ya ce a yi gwaji. Ya zauna a kan bokiti ya zama Bature, ni na tsaya a gabansa. Me za ka je yi? Ziyara. Kwana nawa? Ashirin da ɗaya. Wane aiki kake yi? Direba. Za ka dawo? In sha Allahu. (Ya ce in cire in sha Allahu, wai a kunnensu kamar ban tabbata ba ne. Na ce to ni na tabbata ne?) Ka san akwai sanyi? Na nuna riga. Muka yi ta maimaitawa har na haddace kamar karatun allo.

Bukar yana kwance yana sauraro, sai ya ɗago kai. "Duk kun bar babbar. In suka ce wa za ka je gani, me za ka ce?"

Na ce, "Mutanen Amurka mana."

"Su ma ai mutanen Amurka ne, sakarai. Suna za su ce ka faɗa. Ce Hadiza. Ha-di-za. Faɗi mu ji." (Bakin Bukar ne wannan, ba nawa ba, ku shaida.)

Na jefe shi da silifas. Na ce, "Bature da takarda yake aiki. Suna yana rubuce a gabansa, me zai sa ya tambaye ni abin da yake gani?"

Ya koma ya kwanta yana cewa, "Allah ya sa. Ni dai na san Bafillace, ya gwammace ya faɗa rijiya da ya ce ƙishirwa yake ji."

Da na saurari Babarbaren nan sau ɗaya a rayuwata, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Ranar ta zo. Na yi wanka, na sa farin kaftani, sannan, don Bature ya ga da gaske nake, na ɗora jar rigar a kai. Doha, ƙarfe takwas na safe, rana ta fito sarai. Tun a layin waje mutane suke matsawa suna ba ni hanya. Masu bincike a ƙofa suka sa na tuɓe ta, suka lalube ta aljihu bayan aljihu, ɗayansu yana cije leɓe. Ina wucewa na mayar da abata.

A ciki aka zaunar da mu a kan benci. Kusa da ni wani dattijo ne mai farin rawani, irin naɗin mutanen Sudan. Ya dubi rigar, ya dubi fuskata, sai ya ce da Hausa, "Bawan Allah, zazzaɓi kake yi?" Ashe Bafillacen Sudan ne, kakanninsa daga Sakkwato suka tashi za su Makka suka zauna a hanya. Muka gaisa, muka tambayi asali, har ya ce ai mu 'yan'uwa ne. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Na ji daɗin ganinsa ƙwarai. Ban san shi ne ajalin tafiyata ba.

Don abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, ba ɗaki ake shiga a rufe ƙofa ba. Taga ce ta gilashi, kana tsaye, ma'aikacin yana magana ta lasifika, duk wanda ke kan bencin gaba yana jin komai. Aka kira lambata. Dattijon nan yana bayana, taku uku.

Wata Baturiya ce, matashiya, ba za ta girmi ita yarinyar ba. Ta yi murmushi ta tambaya ko Turanci ko Larabci. Na ce Larabci, don na fi sabawa da shi, ko da yake nawa na gareji ne, a bakin wani fomanmu Bamisire na tsince shi. Aiki? Direba. Shekara nawa? Sha ɗaya. Kwana nawa za ka yi? Ashirin da ɗaya. Ta dubi rigar ta ce, "Na ga ka shirya." Na ce a raina, Istifanus, Allah ya yi maka albarka, an gama.

Sai ta ce, "Wa za ka je gani?"

Na ce, "Mutanen gidanmu ne a can."

"Wa ke nan? Sunanta?"

Na nuna gilashi da yatsa. "Yana nan a rubuce."

"Na gani. Ina so ka faɗa."

Jama'a, na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan ya taso tun daga ciki, ya zo maƙogwaro, sai na ji dattijon nan ya yi gyaran murya a bayana. Wataƙila ma tari ne kawai ya kama shi. Amma ni a kunnena Yaya Umaru ne, da mahaifina, da duk tsofaffin garinmu suka jeru a kan benci suna jira su ji ko zan yi abin da ba a yi. Sunan ya koma inda ya fito. Zufa ta fara bin bayana a cikin rigar Rasha.

Na ce, "Mai sunan Inna ce."

Ta ɗan karkata kai. Ta duba na'urarta. Ta sassauta murya, kamar mai taimakon ɗalibin da ya daburce, ta ce, "Bintak?" Wato, 'yarka ce?

Kalma ɗaya ake nema. Na'am. Ko kai na gyaɗa ya wadatar. Amma bakin da ya shekara talatin da wani abu yana ba da amsa ɗaya, ba ya jiran shawarar mai shi. Na ji kaina ina cewa, "Bint akuya." A Larabcin Bamisiren nan, 'yar ɗan'uwana ke nan.

Ta ce, "A takarda an rubuta 'yarka ce."

Na ce, "Eh, to, haka ake faɗa."

"'Ya'yanka nawa?"

"Huɗu."

"An rubuta biyar."

Na fara ƙoƙarin bayani. Na ce ta fari ba a ƙidaya ta. Na ce an ba wa yayana. Na ce tawa ce amma ba tawa ba ce. Da Hausa ma wannan magana sai an zauna, balle da Larabcin gareji, ta lasifika, a bakin mutumin da ke sanye da bargo yana ɗiga. Ina magana ina jin yadda nake kama da maƙaryaci. Ba ta yi fushi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta yi ɗan rubutu, ta turo mini fasfona ta ƙarƙashin gilashi tare da wata takarda, ta ce ta yi haƙuri, a wannan karon ba zai yiwu ba. Ban ga laifinta ba. Ni ma in wani ya shigo bas ɗina ya ce zai je wurin 'yarsa wadda ba 'yarsa ba, sai na ƙara dubansa a madubi.

Na fito na zauna a gefen titi, ban ko iya cire rigar ba. Can sai ga dattijon ya fito yana gyara rawani, fuska a sake. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗan'uwa, ni ma wurin ɗan farina za ni. Sau uku na faɗi sunansa, har da na kakansa. Wannan kunyar ai mun bar ta a hanyar Makka." Ya dafa ni ya wuce. Wato mutumin da na ji wa kunya, shi ko a jikinsa.

A ɗaki na yi ƙarya, ba zan ɓoye ba. Na ce sun duba shekaruna sun ce sanyin bana ya yi yawa, ba sa ba tsofaffi sai bazara. Istifanus ya ce kai, abin bai yi daɗi ba, ya kau da kai. Bukar ya dai dube ni. Ita kuma na tura mata saƙo cewa ba a dace ba, sai mun yi magana. Kwana biyu ina jan bas cike da masu murna, ina kai su ina dawo da su, ban san wa ya ci wa ba.

Ranar Juma'a mun sauko, mun baje shinkafa a faranti ɗaya, sai kira ya shigo, na bidiyo. Na ce, "Mutanen Amurka," amma muryar ba ta fita yadda ta saba ba. Tana zaune da yaron a cinya. A bayanta na hango wani ɗan gado da sabon bargo a ninke, da wasu takalma manya a ƙasa, na maza, ba a taɓa sawa ba.

Ta ce, "Baba, ba a hana mutum don sanyi. Gaya mini abin da suka tambaye ka, ɗaya bayan ɗaya, don mu san abin da za a gyara."

Na fara jero mata. Aiki, shekaru, kwanaki. Na tsaya.

"Sai me?"

"Sai suka tambayi... dangantaka."

"Ka ce me?"

 Bukar ya ajiye cokali, ya ce a hankali, "Ɗan Fulani, faɗa mata gaskiya." Na faɗa, da Larabcin yadda na faɗe shi, don na ga kamar zai fi sauƙi. Bukar ya zaro ido. "Bint me? Akuya? La'ilaha illallahu! Yarinya ta yi shekara tana nema maka layi, ka je ka ce wa Bature 'yar akuya ce?" Dariya ta ƙwace wa Istifanus har shinkafa ta sarƙe shi. Ni ma na yi 'yar dariyar, ina fatan ita ma za ta yi, abin ya wuce a wasa.

Ba ta yi ba. Ta san abin da kalmar take nufi, ta yi Islamiyya. Ta sunkuyar da kai tana gyara wa yaron hula, ta daɗe tana gyarawa, hular da ba abin da ya same ta.  Bukar da kansa ya tashi ya fita, wai zai wanke hannu, bai ko gama ci ba.

Yanzu ina Kazaure. Kwantiragi ya ƙare kamar yadda mudir ya faɗa, kuma wanda ya sani ya ce mini daga nan, ba aiki, ga abin da na riga na faɗa yana rubuce a na'urarsu, in sake nema sai dai don motsa jiki. Rigar ta biyo ni. Bara kaza ta yi ƙwai a cikin hularta, ta ƙyanƙyashe bakwai, don haka ba za a ce ba ta yi amfani ba. Takwarana ya fara magana, da Turanci. Tafkin bayan gari ya ƙafe, ana buga bulo. In akwai darasi a nan, shi ne wanda zai yi tafiya ya fara gwada bakinsa kafin ya gwada riga: na shiga ɗakin kaji don in koyi jure sanyin garin mutane, alhali abin da ya daskare yana cikin bakina tun shekara talatin. Nakan gwada faɗin sunan yanzu, in na tafi gona ni kaɗai. Ina iya kaiwa harafi na biyu.

Har yau tana kira duk Juma'a, ba ta fasa ba, kuma ba ta ƙara tayar da maganar ba. Amma abin da ta faɗa a ranar, kafin ta kashe wayar, yana nan inda ta ajiye shi. Ta ɗago kai, ba hawaye, har da ɗan murmushi, ta ce:

"Ba komai, Baffa. Na dai ɗauka ko sau ɗaya, ko a gaban baƙuwar da ba ta san mu ba, za ka ce taka ce ni."